Ranar da Aka Zagi Nofi da Harshen Gida

A kasuwar Batusangkar, in ka tsuguna wajen masu barkono ka ambaci sunan Nofrizal, kafin ka rufe baki za a shaida maka cewa kan da ke wuyansa ba nasa ba ne. Wai wani kamfanin man gashi a Jakarta ya saye shi, daga maƙogwaro zuwa sama, an sa hannu a gaban lauya. Ranar da ya cika za a turo mota mai ƙanƙara ta ɗauki kan, mu dangi a bar mana gangar jiki mu san yadda za mu yi da ita. Akwai wata tsohuwa mai busasshen kifi da take rantsuwa cewa har limami an tambaya ko sallar gawa marar kai ta halatta, ya ce a ba shi lokaci ya duba littafi.

To, ƙarya ce tsagwaronta. Ni taubashinsa ne, tare aka yi mana kaciya, na san kan nan tun yana da ƙwarƙwata. Abin da kamfani ya saya gashi ne kawai, shi ma aro, aka ce kada ya yi aski sai da izininsu. Da kan suka saya da sun tafka asara, domin yanzu in Nofi ya cire hula da tsakar rana masu babur har kare ido suke yi.

Nofi ɗan Amak Rosna ne, wato Inna Rosna, mai babban gidan nan na bakin gonakin shinkafa, wanda rufinsa ya fi na kowa tsinin ƙaho. Kowa ya san uba baƙo ne a gidan matarsa, kawu ne mai ɗa. Mamak ɗin Nofi, wato yayan uwarsa, shi ne Datuak Mangkuto, mai rawanin shugabancin dangi, kuma shi ne ubana. Amma in ana rabon kulawarsa Nofi ke kwashe shinkafa, mu 'ya'yan cikinsa mu kankari ƙanzo.

Datuak Mangkuto shi ne gwanin jawabin buki a duk kewayen nan. In an jera abinci a tabarma, ba mai taɓa ko ƙwayar shinkafa sai mai maganar gida da mai maganar baƙi sun gama miƙa wa juna zance, wannan ya ɗaura, wancan ya kwance, a mayar wa dattawa su sa albarka, sannan a wanke hannu. In Mamak ne ke magana, mutane kan manta da yunwa. Na ce kan manta, ban ce kullum ba. An ce akwai bukin da ya fara jawabi kaza tana ƙwai, kafin ya kai ƙarshe 'yan tsaki suna bin ta.

Tun Nofi bai iya ɗaura zane ba Mamak yake jan sa buki buki, ya zaunar da shi a bayansa. Yaron kuwa kunne gare shi kamar tarko. Duk abin da ya ji sau ɗaya ya kama. Yana kwaikwayon tarin limami, da tafiyar hedimasta, da yadda Amak take kiran agwagi, har agwagin su ruɗe su bi shi. Da daddare yana cikin 'yan wasan gargajiya na randai, ana zagaye ana dukan wando. Mamak bai taɓa yaba masa a fili ba, sai dai in yaron ya kawo baiti daidai ya ɗan gyara zaman hularsa. Duk garin an san wanda zai gaji bakin Datuak.

Sai dai namiji ba shi da ɗaki a gidan uwarsa, in ya tasa sai tafiya. Nofi ya hau motar Jakarta da zane biyu da ƙunshin soyayyen naman randang, ya sauka a gidan abincin wani ɗan garinmu. Aikinsa jera farantai a hannu ɗaya, daga tafin hannu har kafaɗa, ya ratsa tsakanin tebura ba tare da miya ta ɗiga ba. Shi yana cewa goma sha biyu yake ɗauka, ni na ji arba'in, kuma tawa ta fi daɗin faɗa. Mai irin wannan aiki dole bayansa ya miƙe, wuyansa ya tsaya, ƙafarsa ta taka kamar ba ta son ƙasa ta sani. Wata rana wata mata mai harkar tallace-tallace ta zo cin abinci, ta ga tafiyar, ta ga gashin, ta ajiye cokali. Tafiyar da wasu ke biyan makaranta su koya, Nofi miyar kan kifi ce ta koya masa.

Aka datse masa suna ya koma Rizal. Ya yi tallan man gashi, ya yi na zannuwan salla, ya yi na agogon da ko a mafarki ba zai iya saye ba. Da aka kafa allonsa a hanyar Padang, babban birnin yankinmu, rigarsa a buɗe har cibiya, aka ɗauki Amak a mota ta je gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ko mutanen Jakarta ba su da maɓalli ne, ta aika masa.

Daga talla ya faɗa wasan talabijin, nan kuma ya ci karo da bakinsa. Da ya buɗe shi da harshen gwamnati sai a ji ƙamshin garinmu, darakta ya ce a sake. Nofi ya zauna ya kankare bakin nan kamar mai wanke tukunya, yana bin masu karanta labarai kalma kalma, har ya zama in yana magana sai ka rantse a tsakiyar Jakarta aka binne cibiyarsa. Ya fito direban attajiri, ya fito abokin kirki mai mutuwa da wuri, ya fito likita mai girgiza kai. Abinci dai yana samuwa, suna ne bai zo ba.

Sunan ya zo ne ta ƙofar da bai kamata ba. Aka ba shi wasan wani ɗan Padang mai sayar da yadi, marowaci na ƙin ƙarawa, aka ce ya dawo da bakin da ya kankare, ya ƙara masa gishiri. Wa ya fi shi iyawa? Ƙasa gaba ɗaya ta kama dariya, yara suna kwaikwayonsa a titi. A wani kashi na wasan, marowacin ya yi baƙi, ba ya son su ci masa shinkafa, sai ya zauna ya fara jawabin buki, yana ja, yana ja, har baƙin suka gaji suka tafi da yunwarsu. Ba marubucin wasa ne ya rubuta baitocin ba, ina ya san su? Nofi ne ya zubo su daga kansa, waɗanda ya ɗauka yana zaune a bayan Mamak, har da yadda Mamak yake ɗaga yatsa.

A shagon shayi muka kalla, kowa yana riƙe da ciki. Mamak na can gefe. Ya tashi ya bar shayinsa ko rabi bai sha ba.

Da salla Nofi ya dawo da mota da tsaraba. Ya durƙusa gaban Mamak, ya kama hannunsa ya kai goshi, ya gaishe shi da harshen gida, ya nemi gafara yadda ake nema. Mamak ya sa aka kawo kujera daga ɗakin baƙi, ya nuna masa, ya yi murmushi irin na ma'aikacin ofis, ya kira shi Bapak kamar wani babban baƙo, ya ce da harshen gwamnati:

"Barka da zuwa, Bapak Rizal. An sha hanya. Ana fatan za a ji daɗin zama a ƙauyenmu."

Nofi ya ɗauka wasa ne na yini ɗaya. Ashe an fara ke nan. Shekara ta zo ta wuce, wata ta bi ta. Mamak bai taɓa ɗaga masa murya ba, bai hana shi shiga gida ba, in ya zo ma har a ba shi kofi mai hannu. Zai juya ya yi wa ɗan akuya tsawa da harshen gida, ya juyo kan Nofi ya koma na gwamnati, tsaf tsaf, kamar mai karanta sanarwa. Nofi ya jefa masa magana da bakin uwarsa, amsa ta dawo da bakin hukuma, kamar ka zura guga a rijiyar gidanku ka jawo ruwan famfo. A Jakarta ana ce masa ɗan Padang, a gida kuma kawunsa ya mayar da shi ɗan Jakarta. Ya sha gaya wa Amak cewa da Mamak zai ɗauki sanda ya yi masa dukan ɓarawo da ya fi masa sauƙi. Abin da yake nema a duniya bai wuce kalma ɗaya ba daga bakin tsohon nan da harshen gida, ko da zagi ce.

Ya ajiye wasan marowacin ana tsakiyar cin kasuwarsa. Masu shirin suka ce ya haukace, waya ta rage ƙara, gashi ma ya ga abin da ake ciki ya fara tattara nasa ya nasa. Kamfanin da ake cewa ya sayi kai ko sallama bai yi ba. Nofi ya koma bayan kyamara. Ya riƙe fitila, ya koyi yanka hoto da haɗawa, ya shirya tallan taliya, ya ɗauki bukukuwan 'ya'yan masu hali, ya yi wani gajeren fim a kan masu jera farantai wanda mutum bakwai suka gani, shida daga ciki masu jera farantai ne. Daga nan ya ce zai yi babban fim, daga farko har ƙarshe da harshen gida, ba don a yi dariya ba. Masu zuba jari suka tambaye shi wa zai kalla. Ya sayar da motar, ya dawo gida da kyamara da wani mai ɗaukar hoto ɗan tsibirin Jawa wanda ko "zo ka ci" bai sani ba da yarenmu.

Zuciyar fim ɗin jawabin buki ce, kuma kowa ya san bakin da ya dace da ita. Nofi ya je ya roƙi Mamak. Mamak ya saurare shi har ƙarshe, ya ba shi shawara cikin ladabi da ya tuntuɓi ofishin al'adu na gunduma, ana buɗewa da safe.

Amak ce ta gaji. Bukin jikarta Delfi ya matso, 'yar ƙanwar Nofi, tsohon da ke yi wa gidan magana kuma ya tafi Umra. Amak ta ce Nofi ne zai yi. Gida nata ne, ko Datuak bai isa ya musa wa ƙanwarsa a ƙarƙashin rufinta ba. Dabarar a fili take: mai maganar gida ba ya yanke zance shi kaɗai, dole ya juyo ya mayar da shi ga shugaban dangi, shi kuma dole ya amsa. Jawabin buki ba shi da harshen gwamnati. In Mamak ya yi shiru baƙi su kwana da yunwa, in ya amsa to ya yi wa Nofi magana.

Nofi ya yi ta bita a gona, ɓauna na sauraro. An ce har ta fara gyaɗa kai a inda ya dace.

Ranar buki gida ya cika har matakala. An jera randang da miyar kaza da ƙwai da shinkafa mai rawaya, ƙamshi yana shiga hanci yana murɗa hanji. Dangin ango suka zauna a jere, shugabansu a tsakiya da rawaninsa na sarauta. Wannan shugaba kuwa ba kowa ba ne illa Firin, wanda suka yi aji ɗaya da Nofi, abokin satar 'ya'yan itacen duriyan, wanda muke ce wa Mai Majina. Kawunsa ya rasu ya gaji sarauta, yanzu Datuak ne mai cikakken laƙabi, ko uwarsa ba ta kiran sunansa na yanka a gaban mutane.

Nofi ya haɗa tafukansa ya fara. Wallahi ya iya. Ya kira laƙabin kowa a jere, ya yabi gida, ya yabi hanya da ta kawo baƙi, murya tana hawa tana sauka kamar ta Mamak sa'ad da yake da ƙuruciya. Tsofaffin mata a bayan labule suka daina taunar ganyen sirih, goron garinmu. Baƙi suka amsa, zance ya zagayo, lokaci ya yi. Nofi ya juyo ya fuskanci kawunsa, ya kira shi da laƙabinsa, ya ajiye maganar a gabansa.

Mamak ya dubi rufi, ya dubi abinci, sannan ya karkata ga tsohon da ke zaune a damansa, ya ce masa da harshen gida mai daɗi kamar zuma, ya sanar da mai maganar gidan nan cewa dattawa sun ji, sun yarda, a ci gaba. Tsohon ya juyo ya maimaita wa Nofi, alhali tsakaninsu bai fi tsawon hannu ba.

Tsohon biri ba a koya masa hawan bishiya. Tarkon da Amak ta ɗana, Mamak ya tsallake shi ko zanensa bai taɓa ba.

Amma jawabi bai ƙare ba, saura ya juya ga shugaban baƙi ya roƙe shi su wanke hannu. Ya juya. Ya buɗe baki, laƙabin da ya faɗa ɗazu ba gargada ya neme shi ya rasa. Ya dubi fuskar mutumin ko zai tuno, sai ya ga yaron nan da suke tsallake shinge tare. Bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce, "Firin." Wasu sun rantse har ya ɗora "Mai Ma" kafin ya cije.

Ƙudan da ke kan nama ma tsayawa suka yi. Dangin ango suka janye gwiwoyinsu daga bakin tabarma, wani ya fara laluben sandarsa. In suka tashi ba su ci ba, buki ya watse, kuma Delfi ce za ta ɗauki abin a kanta har ta tsufa. Daga bayan labule aka ji kwano ya faɗi.

"Nofi!"

Mamak ne. Ba ta bakin tsoho ba, ba ta bakin hukuma ba. Ido cikin ido, da harshen gida, irin na cikin ɗaki wanda ba a fita da shi gaban baƙi.

"Kai ɗan Rosna, wace ɓauna ce ta taka maka kai? Haka na koya maka? Na ɗauke ka tun kana fitsarin kwance, na zaunar da kai a bayana, don ka zo ka kira Datuak da sunan yanka a gidan uwarka? Ɗauki kwanon sirih. Da gwiwa za ka je, ba da tafiyar 'yan talla ba. Abin da na faɗa shi za ka faɗa, in ka ƙara ko tari sai na ci mutuncinka."

Nofi ya ɗauki kwanon tagulla, ya ja gwiwa har gaban baƙi. Mamak yana faɗa daga baya, baiti baiti, shi yana maimaitawa, kamar yadda suke yi yana yaro. Sau biyu Mamak ya tsayar da shi ya ce ya sake, bakinsa ya yi tsamin Jakarta. Hawaye na zuba a fuskar Nofi har cikin kwano, mutane suna ta tausaya masa, sun ɗauka kunya ce. Wanda ke kusa ne kawai ya ga bakin yana ta ƙoƙarin washewa.

Datuak na baƙi ya bar shi a durƙushe har sai da ya ga ya isa, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki ganye, alamar ya yafe. Yana ɗauka ya sunkuyo ya raɗa masa cewa ɓarawon duriyan har yau bai yi hankali ba. Aka wanke hannu. Abinci ya yi sanyi kamar an ɗebo shi daga rijiya, amma ba a bar ko ƙashi ba. Mai ɗaukar hoto ɗan Jawa, wanda bai ji komai ba, ya zo yana yi wa Nofi murna wai bai taɓa ganin wasa ya fito haka ba.

Daga ranar kujera ta koma ɗakin baƙi, kofi mai hannu ya koma kabad. Mamak ya yi sati yana zagin Nofi, safe da yamma, yana aikensa sayen taba, shi kuwa yana ta ƙiba. Hoton bukin da ɗan Jawa ya ɗauka kuma Mamak ya ce ba mai ganinsa, ba za a nuna wa duniya jawabi gurgu daga gidansu ba. In dai sai an yi, shi zai yi da kansa. Haka ya shiga fim, ya zame musu ƙarfen ƙafa. Darakta ya ce a tsaya, Mamak ya ce ba a tsayar da magana a tsakiya, sai kyamara ta jira. Darakta ya ce ya yi kyau, Mamak ya ce bai yi ba, a sake.

Fim ɗin ya fito. An nuna shi a Padang, an nuna a Jakarta, inda aka rubuta musu fassara a ƙasan hoto, Nofi ya zauna a baya yana kallon mutanen birni suna bin maganarmu da ido kamar 'yan aji ɗaya. Bai yi arziki ba, har yau babur yake hawa. An ba shi wata kyauta ta katako a wani taro, Amak tana tokare taga da ita. A filin ƙwallon garinmu aka kafa farin yadi, Mamak ya zauna a gaba yana gyara wa kansa kurakurai da ƙarfi. Yanzu Nofi rabin shekara yana can yana fitowa uban amarya da harshen gwamnati, rabi yana nan yana shirya fim na biyu, wai a kan masu tseren shanu a cikin taɓo.

Har yau gari ya rabu biyu a kan sunan nan da ya kira. Wasu na cewa ruɗewa ce, wasu na cewa mutumin da ya haddace wasa mai kashi ɗari ba zai manta laƙabi ɗaya ba sai da niyya. Kwanan baya na same shi a shagon shayi, ya cire hula yana shan iska, ana kaɗa masa shayi da ƙwai. Na ja benci na ce yau sai ya gaya mini gaskiya. Na ce in da gangan ne to ya yi wasa da auren yarinya, in ruɗewa ce to kamfanin nan ba gashi kaɗai ya kwashe ba, har da abin da ke ƙarƙashinsa. Na ƙara da cewa ban taɓa ganin ƙato da furfura a gemu yana murna don an zage shi ba, kuma kukan da ya yi ranar ya fi na jaki muni, a ce wai mutumin da aka taɓa biya don a kalli fuskarsa. Mutanen shago suka gyara zama.

Nofi ya kurɓi shayinsa, ya share kumfa daga leɓe, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ni dai kaina ya taɓa samun mai saye, da ya karkace kuma ya samu mai gyarawa. Kai fa? Shi ya haife ka, ka taɓa jin ya ɓata yawunsa a kanka? Ai ba a wasa wuƙar katako."